Yadda Na Zuba Kuɗin Injin Niƙan Yayata a Hannun Jarin Kwabo

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. A lokacin da abin da zan ba ku labarinsa ya faru ina da shekara talatin da huɗu. Malamin dabbobi ne ni a Kebbe, asalin gidanmu kuma yana Tambuwal. Aikina allurar rigakafi da duba shanu da tumaki, kullum ina kan babur daga wannan ruga zuwa waccan. Ina da mata da 'ya'ya uku, albashi kuwa ba ya kai mu ƙarshen wata sai da dabara. Ni ne auta a ɗakinmu, kuma ni kaɗai na yi boko mai nisa. Mahaifiyarmu ta rasu ina aji uku na firamare, yayata ce ta ɗauke ni ta tafi da ni gidan aurenta, da kuɗin ƙuliƙuli da man gyaɗa ta riƙa saya mini littafi da takalmi har na gama karatu. Bayan na fara aiki, duk takardar da ta shigo dangi ni ake kawo wa, duk sayayyar birni ni ake aika. A hankali sai na fara ji a raina cewa babu abin da zai shige mini duhu. Ba zan ambaci sunan kowa ba a wannan wasiƙa, har da nawa, amma duk abin da na faɗa haka ya faru.

An tura mu wani kwas na kwana uku a Sakkwato, a can na haɗu da wani abokina da muka yi sakandare tare. Muna cin abinci na ga yana ta duba wayarsa, na tambaye shi ko lafiya, sai ya nuna mini manhajar wani kamfanin dillancin hannun jari. Ya yi mini bayani cewa hannun jari wani ɗan kaso ne na mallakar kamfani, kana iya saye ta waya, in kamfanin ya ci riba a ba ka rabonka, in farashi ya tashi ka sayar. Shi manyan kamfanoni yake saye kaɗan-kaɗan ya ajiye, kuma gaskiya tun a ranar ya ce mini abu ne mai son haƙuri, kada in sa kuɗin da zan buƙata kusa. Na ji shi da kunne kawai. Kafin mu rabu ya taya ni buɗe asusu. Da na koma Kebbe na duba kamfanonin da yake saye, na ga da ɗan abin da ke hannuna ba zan samu wani abin kirki ba, sai raina ya ƙi su. Akwai wurin da ake dannawa manhajar ta jero kamfanoni daga mafi arha zuwa mafi tsada. Ranar da na gano wannan wuri na ga kamfanonin da hannun jarinsu bai kai ko naira ɗaya ba, wani kwabo talatin, wani kwabo hamsin. Na ce a raina, ashe ga inda talaka zai shiga. Da kuɗin man babur na mako guda sai mutum ya mallaki hannun jari dubbai, in kuwa abu na kwabo talatin ya kai naira ɗaya ai ya ninka har sau uku.

Daga nan neman masu arha ya zame mini sana'a ta biyu. A Kebbe ba ko'ina sabis ke kamawa ba, amma akwai wata tsamiya a bayan ofishinmu da waya ke samu sosai a gindinta. Kasuwar kuwa daga hantsi take ci zuwa bayan azahar, daidai lokacin da ya kamata a ce ina ruga. Sai na koma fita da sassafe in yi aiki a gurguje, in dawo gindin tsamiya in zauna ina kallon lambobi, kore in abu ya tashi, ja in ya faɗi. Na sayi littafi na musamman ina rubuta sunayen kamfanoni da farashinsu na kowace rana. Ban taɓa rubuta abin da kowannensu ke sarrafawa ko sayarwa ba, don ban taɓa tambaya ba. Sayen farko da na yi da ɗan kuɗi kaɗan, cikin mako biyu ya tashi, na sayar, na saya wa matata atamfa da rabin buhun shinkafa. Da ta tambaye ni inda na samu na ce mata ilimi ne ya fara biya. Yau na san sa'a ce kawai, kuma da a ce asara na fara yi da ta fi mini alheri.

Ana nan sai wani ya sa lambata a wani zauren hira na waya, wai na masu farautar hannun jari masu arha. Mutane sun fi ɗari a ciki, yawanci da Turanci ake magana. Mai zauren wani ne da ake kira Oga, ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa. Yakan ambaci kamfani ya ce a saya, bayan kwana biyu ka ga farashi ya motsa, mutane su yi ta turo godiya da hotunan ribar da suka ce sun samu. Wata rana ya kawo sunan wani ƙaramin kamfani, ya ce barci yake yi, wasu attajirai daga ƙasar waje na gab da saye shi, kuma daga kwabo talatin zai kai naira biyu kafin ƙarshen shekara. Ya ce wanda ya yi jinkiri kada ya zo yana kuka daga baya. Ni kuwa a lokacin ba ni da ko sisi, sai kallo, farashin yana hawa kullum ina jin kamar kuɗina ne ke wuce ni.

A cikin wannan makon ne yayata ta aiko a kira ni Tambuwal. Shekara biyu ke nan da rasuwar mijinta, ya bar ta da yara huɗu. Ta yi kiwon sa guda da raguna biyu, ita ke yankan ciyawa, ita ke ɗauko dusa, har suka yi ƙiba ta sayar da su gabanin Babbar Sallah. Burinta ta sayi injin niƙa ta kafa a ƙofar gida, domin matan unguwarsu sai sun yi tafiya mai nisa kafin su kai niƙa, ta ce da shi za ta riƙe marayunta ba tare da ta miƙa wa kowa hannu ba. Ta ɗauko kuɗin a ƙulle cikin wani tsohon ɗankwali ta ajiye a gabana. Ta ce in riƙe mata, kada ta bar su a ɗaki buƙatun yau da gobe su cinye, in magini ya gama ɗakin injin nan da wata guda sai in je Jega in zaɓo mata mai kyau, tunda ni na san kan irin waɗannan abubuwa. Ko ƙirgawa ba ta ce mu yi tare ba.

Kwana uku kuɗin suka yi a asusuna na banki ban taɓa su ba. A rana ta huɗu ina gindin tsamiya na ga hannun jarin kamfanin da Oga ya ambata ya kai kwabo arba'in da biyar. Na ce wa kaina ai ba ci zan yi ba, juya mata zan yi. Wata guda lokaci ne mai yawa, in na fitar da riba sai in saya mata babban inji mai niƙa da markaɗe, in kai mata ta sha mamaki. Har na hango yadda za ta riƙa sa mini albarka a gaban mutane. Da wannan tunani na zuba kuɗin gaba ɗaya a kamfani guda wanda ban san ko a wane gari ofishinsa yake ba. Kwanakin da suka biyo baya ya ci gaba da hawa har kwabo sittin. Da na sayar a nan da na fita lafiya, amma Oga yana ta cewa a riƙe, ba a fara komai ba. A wannan makon na je rigakafi rugar wani Arɗo da muka daɗe muna mutunci, ina riƙe da sirinji ina leƙa waya, har dattijon ya tambaye ni ko wani nawa ne ba lafiya. Na yi dariya na ce a'a.

Wata ranar Litinin lambar ta koma ja. Talata ma haka. Oga ya ce masu tsoro ne ke gudu, a ƙara saye. Ranar Laraba na danna in sayar, sai manhajar ta nuna mini abin da ban taɓa lura da shi ba: masu son sayarwa sun yi dogon layi, ɓangaren masu saye kuwa babu kowa. Ni a zatona duk lokacin da mutum ya ga dama zai danna a ba shi kuɗinsa. Ashe sai akwai mai saye. Na rage farashi, shiru. Na ƙara ragewa, shiru. Kullum yana zamewa har ya zauna a kwabo ashirin. Wata safiya na buɗe waya na tarar an rufe zauren, lambar Oga ba ta shiga. Bayan kamar mako biyu sai sanarwa ta fito cewa an dakatar da cinikin hannun jarin kamfanin gaba ɗaya, saboda ya daɗe bai gabatar da rahoton kuɗaɗensa ba. Na karanta sanarwar nan ya fi sau goma a gindin tsamiyar.

Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne abin da na yi bayan nan. Magini ya gama ɗaki, yaya ta kira ni da murna. Na ce mata mai sayar da injin ya yi tafiya. Mako na gaba na ce waɗanda ke ƙasa ba su da inganci, ana jiran sababbi. Na gaba na ce hanya ta lalace saboda ruwa. Mako biyar ina jera mata ƙarya, ita kuwa kullum sai ta ce ba komai, Allah ya yi mini albarka da wahalar da nake sha a kanta. Na daina zuwa Tambuwal. Abinci ya daina shiga, na rame, in waya ta yi ƙara gabana ya faɗi. Matata ce ta tsare ni wata rana bayan la'asar, ta kori yara waje, ta ce ba za ta tashi ba sai na gaya mata abin da ke damuna. Da na gama ba ta yi mini faɗa ba, ko da yake na ga idonta ya kawo ruwa. Ta ce tana da kawu a Dogon Daji wanda ya yi shekaru yana aikin banki a Kaduna kafin ya yi ritaya ya dawo noma, in akwai wanda zai gane wannan abu shi ne. Na ji nauyin in kai wa suruki irin wannan magana, ta ce nauyin da ke kaina yanzu ya fi wannan.

Washegari na hau babur na tafi. Na same shi a gona yana duba dawa, muka zauna a inuwa na ba shi waya da littafina. Ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa. Tambayar farko da ya yi mini ita ce, me kamfanin ke sayarwa. Na ce ban sani ba. Ya ce su wane ne ke tafiyar da shi, yaushe rabon da ya ci riba, kuma na bincika ko sana'arsa halal ce. Duk ban sani ba. Sai ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "Malam, kai da ka san dabba, in ka shiga kara ka iske saniya ana sayar da ita kuɗin akuya, saye kaka yi ko buɗe bakinta kaka yi ka duba?" Sannan ya yi mini bayani a natse cewa irin su Oga sukan sayi hannun jarin da ba mai so tun yana ƙasa, su tara mutane su zuga su, farashi na tashi su sayar wa waɗanda suka zuga su ɓace. Ya ce dillalin da na buɗe asusu da shi ba shi da laifi, abin da na ce ya saya mini shi ya saya. Hannun jarin yana nan da sunana, wataƙila wata rana a buɗe ciniki in samu wani abu, wataƙila kuma a'a, amma kada in rataya raina a kai. Daga nan ya ce wannan duk ƙaramar magana ce, babbar ita ce baiwar Allah da ke zaune tana jiran inji. Ya shiga gida ya sauya riga, ya ce in tayar da babur, shi zai raka ni, kuma yau za a yi.

Mun iske yaya a tsakar gida tana sheƙar gero. Ɗakin injin yana nan a ƙofar gida, an yi masa daɓe, har ta sa an kafa benci don masu jiran niƙa. Bayan gaisuwa Kawu ya ce ina da magana, ya bar ni in faɗa da bakina. Na faɗa mata komai, kaina a ƙasa. Ba ta gane zancen hannun jari ba, kuma ba ta nemi ta gane ba. Ta ajiye ƙwarya ta shiga ɗaki, muna jin kukanta daga waje. Ban taɓa jin lokaci ya yi mini tsawo kamar wannan ba. Da ta fito ta wanke fuska, ta fara yi wa Kawu godiya da ya taso saboda ita. Sannan ta juyo gare ni ta ce, "Auta, kuɗɗi ni na tara su, kuma in da rai ina tara wasu. Abin da nika tambaya, mi ya sa ka bar ni sati biyar ina sa maka albarka bisa ƙarya?" Wannan tambaya ta fi mini duka ciwo. Na ba ta haƙuri ina hawaye. Ta ce ta ji, amma in ba ta kwana biyu zuciyarta ta huce. Abu ɗaya ta roƙa, kada maganar ta fita, domin ba ta son dangin mijinta ko matan unguwa su riƙa nuna ni da baki. A ranar da ta gano na ci amanarta, ita mutuncina take karewa.

A makon na sayar da babur ɗina. Kuɗin bai kai na sabon inji ba, matata ta kawo kwasar adashinta ta cika, Kawu kuma ya haɗa ni da wani makanike da ya sani, muka je Jega tare ya zaɓo na hannu mai lafiya. Ranar da aka tayar da shi, da zan tafi yaya ta ƙullo mini garin farko da injin ya niƙa ta ce in kai wa yara. A hanya cikin motar haya na rungume ƙullin nan ina share ido.

Saura aiki. Malamin dabbobi a ƙasar Kebbe in ba babur kamar ba shi da ƙafa ne, ga damina ta kankama. Na fara bin 'yan acaba, inda ba su zuwa in taka. Wata rana na isa rugar Arɗon nan a ƙasa, wandona duk laka. Ya tambayi babur, na ce na sayar saboda wata lalura. Bai ƙara tambaya ba. Da na gama allura ya sa aka turo wani tsohon babur daga bayan bukka, ya ce in riƙe har Allah ya hore mini nawa, dabbobinsu ma ai su ke amfana. Kusan shekara ina hawan babur ɗin nan, ko sau ɗaya bai taɓa tambayata yaushe zan mayar ba.

Sai da aka fi shekara kafin a buɗe cinikin kamfanin. Kawu ne ya kira ni ya ce in sayar da duk abin da ya samu, kada in tsaya jiran komai. Da ƙyar aka saye kaɗan-kaɗan cikin kwanaki, abin da ya dawo bai kai rabin abin da na zuba ba. Na cire shi duka na kai wa yaya, na ce haƙƙinta ne, domin injin da na kawo mata ba sabo ba ne kamar yadda ta yi niyya. Ta karɓa ta shiga ɗaki, ta fito ta ɗora wani abu a kai daga cinikin niƙa, ta mayar mini. Ta ce in je in sayi babur in mayar wa bawan Allah nasa, ba ta son ƙanenta yana yawo da kayan aro.

Ban rubuto don in ce hannun jari mugun abu ba ne. Abokina na Sakkwato har yau yana yi kuma bai taɓa shiga irin halin da na shiga ba. Ni ma bayan na huce na koma wurin Kawu ya koya mini karanta rahoton kamfani, na kuma zauna da limamin unguwarmu kan wanda ya halatta da wanda bai halatta ba. Yanzu in na saya, ɗan kaɗan ne, daga abin da in ya salwanta gidana ba zai kwana da yunwa ba. Abin da nake so ɗan'uwana mai karatu ya riƙe shi ne, ƙarancin farashi ba ya nufin abu ya yi arha, sau da yawa akwai dalilin da ya sa kowa ya guje shi. Kafin ka saya ka san me kamfanin ke yi, ka duba ko yana fitar da rahoto, ka duba ko akwai masu saye in ka tashi fita. Duk wanda ba ka san fuskarsa ba yana gaggauta ka da cewa dama za ta wuce, to kai ne damar tasa. Kuɗin da aka ba ka amana kuwa, ko da niyyar alheri ce, kada ka juya su sai da sanin mai su. In kuma ka riga ka faɗa, ka faɗi gaskiya a ranar, domin kowace ƙarya da na ƙara sai da ta zama wani ciwo daban.

Na yi asarar kuɗi da babur, amma Allah ya nuna mini irin mutanen da ya kewaye ni da su, waɗanda a da nake ganin na fi su sanin duniya. Matata, da Kawu, da Arɗo, da yayata, Allah ya saka musu da abin da ba zan iya ba. Kafin in aiko da wannan wasiƙa na je Tambuwal na karanta wa yaya ita daga farko har ƙarshe, don in ta ce kada a buga ba zan aiko ba. Ta saurara tana ƙirga canjin wata mata, inji yana ta ƙara a bayanmu. Da na gama ta ce in aika, wataƙila wani ya tsira. Sai ta ce in ƙara layi ɗaya, in gaya wa mutane ta yafe mini duniya da lahira, amma in matata ta aiko da niƙa, kuɗin niƙa sai na biya. Kuma ina biya.